Haƙuri, motar kaji: wata tsohuwar 2CV da abokai uku a bakin kogin Isa

A shekarar 1974 aka kammala wani fim a ƙasar Nijar mai suna Cocorico ! Monsieur Poulet. Wanda ya taɓa kallonsa, ko da sunayen ƴan wasan sun ɓace masa, da wuya ya manta da motar. Ƴar ƙaramar Citroën ce ƙirar 2CV, irin ta ɗaukar kaya, wadda ta ga jiya ta ga yau, ta ci zamaninta har ta shiga cin na wasu. Jikinta faci ne bisa faci, tashinta sai an sha fama, tsayuwarta kuwa sai yadda hali ya yi. Sunanta Patience, wato Haƙuri. Mai ita shi ne Lam Ibrahim Dia, wanda ke fita da ita ƙauyukan da ke kewayen Yamai ya saro kaji ya kawo birni. Yaron motarsa Tallou Mouzourane ne. Na ukunsu Damouré Zika, wanda ya liƙe musu a tafiyar yana fatan samun rabonsa. Jean Rouch ne ke riƙe da kyamara. Ba a ɗora sunan mutum ɗaya a matsayin mai fim ɗin ba: gaɓar farko ta sunayen su huɗun aka ɗebo aka ƙulla suna guda, Dalarouta.

Masana silima sun daɗe suna nazarin wannan fim ta fuskar raha da wasan da ba a rubuta ba. Amma yana da wata daraja da ba a cika kula da ita ba. Shi ne ɗaya daga cikin ƴan shaidu ƙalilan da suka adana hoton wata sana'a da ta riƙe zirga-zirgar ƙasar nan shekaru da dama, ba tare da an rubuta tarihinta ba: sana'ar tayar da motar da maƙeranta na asali suka riga suka yi wa sallama, a sake mata kama, a ɗora mata aikin da ba don shi aka ƙera ta ba. Kuma aikin ba na mutum guda ba ne. Duk inda aka ga irin wannan mota tana tafiya, to akwai hannuwa da yawa a bayanta.

Motar manomin Faransa

Kafin a gane yadda mutum uku za su iya warware mota a bakin ruwa su sake haɗa ta, sai an san irin ƙirar da aka yi mata tun fil azal. A tsakiyar shekarun 1930 kamfanin Citroën ya durƙushe da bashi, ya koma hannun Michelin mai yin tayoyi. Pierre-Jules Boulanger, wanda aka ɗora bisa jagorancin kamfanin, ya lura cewa manomin Faransa har lokacin da keken doki yake kai amfanin gonarsa kasuwa, don mota ta fi ƙarfin aljihunsa. Sai ya ba injiniyoyinsa umarnin da ya shahara daga baya: a ƙera motar da za ta ɗauki manoma biyu da kilo 50 na dankali, ta yi gudun kilomita 60 a awa, ta sha lita 3 kacal a kilomita 100, kuma ta ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai a cikinta ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. André Lefèbvre ne ya jagoranci aikin, wanda aka laƙaba wa TPV, wato ƴar mitsitsiyar mota.

A 1939 an riga an ƙera kimanin guda 250, masu fitila ɗaya tak a gaba, ana shirin nuna su ga jama'a, sai yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Aka lalata akasarinsu, aka ɓoye ƴan kaɗan don kada su faɗa hannun Jamusawa. Sai ranar 7 ga Oktoba 1948, a bajekolin motoci na Paris, aka yaye mata lulluɓi. Ƴan jarida suka yi mata dariya, suka kamanta ta da laima bisa ƙafafu huɗu. Talakawa kuwa suka yi mata ca, har ya zama mai son saye sai ya jira shekaru kafin layi ya zo kansa.

Sunan nata ma abin lura ne. Faransawa suna ce mata deux chevaux, dawaki biyu, amma wannan lissafin masu haraji ne, ba ƙarfin injin ba. Ƙarfinta na gaskiya a farko dawaki 9 ne, daga ƙaramin inji mai silinda biyu da Walter Becchia ya tsara, kuma ba ta wuce kilomita 65 a awa ko da an take ta har ƙasa. Nauyinta duka bai fi kilo 500 ba.

Abin da ya sa ta dace da ƙasashen zafi da rairayi, ba tare da masu ƙirar sun nufa ba, shi ne yawan abubuwan da babu su a jikinta. Iska ce ke sanyaya injin, don haka babu lagireto da zai huje, babu famfon ruwa, babu tiyon da zai fashe a tsakar daji. In batir ya mutu, akwai hannun da ake zurawa ta gaba a murɗa injin ya tashi, kuma wannan hannun dai shi ne sifanar kwance taya. Kowace taya noti uku ke riƙe da ita. Ƙofofin ba a ɗaure suke da kusoshi ba, zare su ake yi sama su fita. Murfin injin ma zamewa yake ta gefe. Kujerun bututun ƙarfe ne da zaren roba da ƙyalle, ana ciro su a zauna a kai a gindin itace. Gangar jikin kuma ɗaure take da noti bisa wani faffaɗan faranti na ƙarfe mai ɗauke da inji da ƙafafu, ta yadda za a iya ɗage ta ɗungurungum. A samfurin farko ko agogon mai babu: sanda ake tsomawa a tanki a duba. A 1951 aka fito da ta ɗaukar kaya, mai akwatin kwano a baya, kuma daga wannan zuriya Haƙuri ta fito.

Hanyoyin da ta tarar

Sunan Citroën ya riga 2CV isowa wannan yanki da shekaru da yawa. A ƙarshen 1924 ayarin motoci takwas masu sarƙa a baya, ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, ya taso daga Colomb-Béchar ya ratsa Sahara, ya bi ta Yamai da Damagaram, wadda ita ce hedikwatar mulkin mallaka a lokacin, ya nufi tafkin Chadi. Tafiyar talla ce da nuna ƙarfin daula, kuma kowace mota da makanikinta Bature. Hanyoyin da motocin baya suka bi kuwa da gumin talakawa aka share su, ta aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946. Rouch kansa ta wannan ƙofa ya shigo. Injiniyan hanyoyi da gadoji ne, ya sauka Yamai a 1941 don kula da aikin hanya, a lokacin da yaƙi ya hana samun injuna da kayan aiki, ba abin da ake da shi sai dubban mutane da kwanduna a ka. A nan ya haɗu da Damouré, saurayi ɗan Sorkawa masunta, abotar da ta shafe fiye da shekara sittin.

Bayan samun ƴancin kai, 2CV ta zama motar ƙananan ma'aikata, malaman asibiti, ƴan mishan da masu ayyukan raya karkara. Idan ta tsufa a hannunsu sai ta gangaro hannu na biyu da na uku. Har masana'antu sun gane cewa farantin nan nata yana karɓar kowace irin ganga aka ɗora masa. Tun 1963 wata maƙera a Abijan ta fara yin motar da aka kira Baby-Brousse: ƙasan na Citroën, saman kuma fallayen ƙarfe ne da aka lanƙwasa aka ɗaure da noti, ba tare da manyan injunan matsa ƙarfe ba. Abin da aka yi a Abijan da tsari da lasisi, shi ne ƙananan garejoji suka riƙa yi da guduma da kurfi.

Akwai wani daidaituwar lokaci da ya cancanci a tsaya a kansa. A ƙarshen 1973, shekarar da fari ya kai maƙura a Sahel, kamfanin Citroën ya shirya wata doguwar tafiya da ya kira Raid Afrique: motocin 2CV guda 60, matasan Turai a ciki, daga Abijan zuwa Tunis, kimanin kilomita 8000, ta cikin Nijar da hamadar Tenere. Motocin an shirya su musamman don tafiyar, manyan motoci na biye da su ɗauke da mai da kayan gyara. An yi ta yayata wannan tafiya a matsayin shaidar juriyar 2CV, kuma ba ƙarya aka yi ba. Sai dai a daidai wannan zamani, a bakin kogin Isa, wata 2CV guda ɗaya da ba ta da kamfani a bayanta tana ba da shaidar da ta fi wannan ƙarfi, domin ita ba juriyar ƙarfe kaɗai take nunawa ba, har da ta mutanen da ke lallaɓa shi.

Tsallaka kogi

Labarin fim ɗin daga rayuwar Lam aka ciro shi, don ya taɓa sana'ar kajin da gaske, kuma motar ba ta wasan kwaikwayo ba ce da aka tsufar da gangan. Rouch ya sha faɗin cewa ba ta da takardu, ba ta da fitilu, ba ta da birkin kirki, kuma lalacewar da take yi ba zato ba tsammani ita ce ta riƙa juya akalar labarin. Ba a rubuta wasan ba. In mota ta tsaya, fim ya koma kan gyara. In ta tashi, a ci gaba.

Matsalar da ta fi kowace girma ita ce kogi. Tun 1970 aka buɗe gadar Kennedy a Yamai, wadda ta maye gurbin jirgin fito. Amma gada tana da masu tsaro, masu tsaro kuma takardu suke tambaya. Motar da ba ta da rajista, ga hukuma, babu ita a duniya, ko da kuwa tana tsaye tana hayaƙi a gaban jami'i. Don haka gadar da aka gina don sauƙaƙa wa kowa ta zama katanga ga mai kaji. Mafitar da abokan suka samo ita ce abin da fim ɗin ya fi shahara da shi: suka warware Haƙuri gunduwa-gunduwa, aka tsallaka da ita, suka sake ɗaura ta a ɗaya gaɓar. Kuma ba sau ɗaya suka ƙetare ruwan ba. Kowane karo da sabuwar dabara, har da sa motar ta yi iyo da kanta.

Mai kallo a Paris yana ganin wannan a matsayin almara mai ban dariya. Wanda ya san ƙirar motar kuwa ya san ba tatsuniya ba ce. Ƙofofin da ake zarewa, gangar da ake ɗagewa, injin da ƙarti ƙalilan za su iya cicciɓa, duk Boulanger da mutanensa ne suka tanade su don manomin da ke nesa da gareji. Abin da ba su hango ba shi ne kwalekwale. Nan ne ilimi biyu suka gamu: na ofishin zane a Paris da na mutanen da suka gāji kogi kaka da kakanni.

Rabon aikin ma ya isa abin nazari. Lam Bafulatani ne, ya daɗe yana tuƙa Rouch a tafiye-tafiyensa, shi ya san halin injin kamar yadda makiyayi ya san halin saniyarsa, ya san kukan da ke nufin ƙishirwa da wanda ke nufin ciwo. Tallou, wanda ya tashi maraya cikin Bella, shi ne aparanti, mai turi, mai ɗauko dutse a sa wa taya, mai shan faɗa idan abu ya ɓaci ko da ba laifinsa ba ne. Damouré ɗan ruwa ne kuma ma'aikacin lafiya mai ilimin boko, ga baki. Aikinsa shawara, ciniki da shawo kan mutanen da aka tarar a hanya. Babu ɗayansu da zai iya kai motar ko'ina shi kaɗai. Suna gardama, suna zargin juna, kowa na ganin shi ne ƙashin bayan tafiyar, amma da an zo ɗaga inji sai kowa ya kama gefensa. Fim ɗin bai mai da abotar tasu zuma zalla ba, kuma wannan na daga cikin gaskiyarsa: taimakon abokai a irin wannan aiki haɗe yake da bashi, da gori, da tsammanin ramuwa.

Akwai kuma aljana a cikin labarin, wadda ke bibiyar su tana dagula musu tafiya, har sai an nemi magani. Waɗansu masu sharhi sun ɗauki wannan a matsayin ado. Amma duk wanda ya taɓa ganin laya rataye a madubin motar haya, ko ya karanta addu'ar da aka rubuta a goshin babbar mota, ya san cewa a tunanin matafiyan yankin nan gyaran mota bai tsaya ga ƙarfe ba. An shigar da inji cikin duniyar da ya tarar, an ba shi suna, an yi masa tsari, kamar yadda ake yi wa doki.

Garejin gindin bedi

Abin da aka gani a fim ɗin cikin raha shi ne abin da ake yi kullum a garejojin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Ƙonni, sau da yawa ba rufi sai inuwar bedi. Tsarin koyon aikin daga maƙera aka aro shi. Uba ya kai ɗansa ya damƙa wa maigida, yaro ya shekara yana wanke noti a cikin mai da miƙa sifana kafin a bar shi ya taɓa kafireta, ya yi shekaru kafin a sallame shi ya buɗe nasa wurin. Babu littafi, babu zane. Ido da kunne da dukan ƙeya su ne manhaja. Kuma gareji ba ya tsayawa shi kaɗai. Kusa da makaniki akwai mai walda, mai faci, mai gyaran waya, mai ɗinkin kujera, mai fenti, da maƙerin da zai iya ƙera abin da babu shi a kanti. Mota guda takan zaga hannun mutum shida ko bakwai kafin ta koma hanya, kuma galibi ba kuɗi hannu ake biyan kowa ba.

Harshen garejin kansa taskar tarihi ne da malaman Hausa ya kamata su kula da ita. Iyakar da Turawa suka shata ta raba sunayen sassan mota gida biyu. Abin da makanikin Maraɗi ke kira buji, takwaransa na Katsina fulogi yake ce masa. Mai a nan isansi ne, a can fetur. Yaron da ke koyon aiki a nan aparanti ne, a can yaron mota. Da yake kayan gyara da yawa daga kasuwannin Kano suke shigowa, makanikin kudancin Nijar ya zama mai harshe biyu a sana'arsa, yana saye da kalmomin da aka aro daga Ingilishi yana ɗaurawa da waɗanda aka aro daga Faransanci.

2CV ba ta daɗe tana sarauta a waɗannan garejoji ba, don ba ta da ƙarfin ɗaukar lodin da ƴan kasuwa ke so. Peugeot ce ta gaje ta: 404, wadda aka fara ƙerawa a 1960, musamman mai buɗaɗɗen baya da rufin tamfol da ake kira bashe, sannan 504, wadda masana'antar Kaduna ta fara haɗawa a 1975. A shekarun 1970 da 1980 kuma matasan Turai sun riƙa tuƙo tsofaffin Peugeot ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit su sayar a Agadas ko Yamai su koma gida da kuɗin jirgi, har rikicin Aljeriya da tawayen arewa suka toshe wannan hanya a farkon shekarun 1990. Kowace irin wannan mota sai an sake mata halitta kafin ta fara aiki: a ƙara mata ganyen sifirin don ta jure buhunan gero, a ƙera mata keji a sama, a jera benci a baya, a ɗaga ta don kada cikinta ya riƙa dukan tudun rairayi, sannan a kai wa mai fenti ya rubuta mata kirari. Injiniyan Sochaux da ya zana ta, da zai gan ta ranar kasuwa, da sai ya duba tambarin zakin kafin ya shaida ta.

Karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, ta ninka kuɗin duk wani sabon kayan gyara da ake shigowa da shi a dare ɗaya. Wannan ya ƙara wa masu dabara daraja na wani lokaci, don abin da a da ake jefarwa ya koma abin gyarawa. Amma motocin da suka biyo baya ta tashar Kwatano, masu kwamfuta a ciki da sassan da aka rufe ruf ba a buɗewa, sun rage wa kunne da guduma fili. Tsofaffin gangunan kuwa awo ake sayar da su. A kasuwar Katako ta Yamai da takwarorinta, ƙarfen mota yana komawa murhu, akwati, kwano ko ƙofar gida, aluminiyom ɗin injin kuma a narke shi a zuba tukunya. Wannan ma wata rayuwa ce, sai dai ba ta barin shaida.

Wane asali za a koma wa?

A Turai labarin ya bi wata hanya dabam. Ranar 27 ga Yuli 1990 aka fitar da 2CV ta ƙarshe daga masana'antar Mangualde a ƙasar Fotugal, bayan an ƙera fiye da miliyan 5 idan aka haɗa da masu ɗaukar kaya. Tun kafin nan motar talakan ta fara zama abin marmari. Masoyanta sun fara taron duniya a ƙasar Finlan a 1975, suna maimaita shi duk bayan shekara biyu, kuma wanda aka yi a Salbris ta Faransa a 2011 ya tara motoci wajen dubu bakwai. Ƙungiyoyi sun bazu gari-gari, inda abokai ke haɗuwa ranakun hutu a garejin ɗayansu, a ɗage ganga, a canza farantin da tsatsa ta cinye, a yi ta musu a kan ainihin launin tokar da aka shafa wa samfurin wata shekara. Wani kamfani a garin Cassis ya karɓi tsofaffin injunan ƙira na Citroën yana ci gaba da fitar da sassa sababbi. Tun 2020 dokar Faransa ta ba da izinin cire injin mai a sa na lantarki a tsohuwar mota, waɗansu kuma sun yi wa 2CV hakan.

A zahiri aikin iri ɗaya ne da na su Lam: abokai, sifana, gardama, da motar da ta ƙi tashi. Bambancin yana ga manufa. Mai gyaran Turai yana da wata motar da yake zuwa aiki da ita, burinsa ya mai da tsohuwar kamar ranar da ta fito daga masana'anta, wato ya goge duk abin da shekaru suka rubuta a jikinta. Lam kuwa ba shi da wata, kuma bai damu da ranar da ta fito ba. Gobe ce damuwarsa, da kajin da za su mutu a keji idan ba a isa kasuwa ba. Na farko yana gyara don tunawa, na biyu don ci.

Abin sha'awa shi ne su kansu masu adana motocin tarihi sun fara shakkar wannan gogewa. A 1994 aka gano uku daga cikin motocin TPV na 1939 a saman rufin wani gini a filin gwajin Citroën da ke La Ferté-Vidame, inda suka kwashe fiye da rabin ƙarni. Kamfanin bai yi musu fenti ba, bai canza musu ƙyalle ba, ya bar su da tsatsarsu da raunukansu, don an fahimci cewa halin da aka same su a ciki shi ne labarin. Daga baya ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, ta fitar da wata yarjejeniya mai sunan birnin Turin, wadda ta fara aiki a 2013. A cikinta an yarda cewa canje-canjen da aka yi wa mota a tsawon rayuwarta ta aiki shaida ne na tarihinta, ba lallai ne a kawar da su don komawa ga siffar masana'anta ba. Bisa wannan ma'auni, keji da benci da ƙarin sifirin na bashen Maraɗi ba ɓarna ba ne, su ne abin adanawa.

Akasarin mutanen fim ɗin sun riga mu gidan gaskiya. Rouch ya rasu ranar 18 ga Fabrairu 2004 a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni, yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai. Damouré, wanda ke cikin motar a daren, ya rayu har 2009. Makanikan da suka koyi aiki a kan 2CV da 404 a shekarun 1960 da 1970, waɗanda suka rage a cikinsu tsofaffi ne, yaransu kuma sun koma kan Toyota da baburan Sin.

Tambayar da wannan tarihi ke ajiye wa ƙungiyoyin al'adu da makarantun koyon sana'a ba ta da wuyar fahimta, amsarta ce mai nauyi. A ce wata ƙungiya a Damagaram ta tarar da gangar 2CV ko 404 a bayan wani gida, awaki na kwana a ƙarƙashinta, ta yanke shawarar tayar da ita tare da ɗalibai da wani tsohon makaniki. Za a iya yin odar sassa daga Faransa a mai da ita sabuwa fil, ta fito kamar dubban ƴan uwanta da ke jere a Salbris. Za a kuma iya zaunar da tsohon a gabanta da na'urar ɗaukar magana, a bi ta faci bayan faci: wa ya yi wannan waldar, daga jikin wace mota aka ciro wannan fitilar, wace shekara aka ƙara wannan ganyen sifirin kuma don wane kaya, wa ya ba da rancen kuɗin injin, me ya sa aka goge kirarin farko aka rubuta wani a kansa.